Kifin Da Ya Cinye Mana Dara

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Shi ke haɗa mutum da abokinsa, Shi kuma ya san inda zumuncin zai tsaya.

Ina da aboki a Argungu. Masunci ne ɗan masunta, yana kuma noman shinkafa kamar kowa a can. Na san shi tun ina koyar da Arabiyya a wata makarantar firamare ta garin, ina da sabon aure. Ba karatu ne ya haɗa mu ba, don bai zauna gaban allo ya wuce abin da zai yi salla da shi ba. Dara ce ta haɗa mu. Akwai wata tsamiya a hanyar gangarawa gulbi inda dattawa ke haƙa gurabu a ƙasa bayan la'asar, wannan ya riƙe guntayen kara, wancan ya riƙe tsakuwa, kowa na neman ya jera uku ya cire ɗan abokin wasansa. Wata rana na tsaya kallo, sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, in ka iya ka zamna. In ba ka iya ba ka matsa, ka tare muna iska."

Na zauna. Ya cinye ni tas, ya kuma gaya wa duk wanda ya wuce.

Daga ranar muka saba. In ya yi sa'a a ruwa ya aiko mini da tarwaɗa, in an yi masa haihuwa ni ke yi wa jaririn huɗuba. Malaman da na yi karatu gabansu ba su son dara, suna cewa tana cin lokacin ambaton Allah, kuma ban taɓa musa musu ba. Abin da na riƙe kawai shi ne, da ladan ya ɗaga murya sai mu bar 'ya'yan dara inda suke mu tafi masallaci, mu dawo mu tarar ba wanda ya taɓa su. Haka al'adar gindin tsamiyar take tun kafin in zo garin.

Da na ajiye aiki na dawo gida Birnin Kebbi, nakan shiga mota lokaci lokaci in je mu kara. Sai gwiwoyina suka fara ciwo, tafiyar ta ragu. Shi kuma wata safiya ya faɗi a gonar shinkafa, aka ɗauko shi a amalanke. Allah ya bar shi da rai, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi har magana ta gagara. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ke nan. Babbar 'yarsa, wadda ke jinyarsa, takan kira ni ta kanga masa waya a kunne. In gaishe shi, in yi masa addu'a, in ji numfashi kawai. In na ajiye wayar sai in wuni ba ni da daɗi. A hankali na rage kiran, don na lura shi ma yana wahalar da shi.

Ina da ɗan ƙanwa wanda ya gama poli bai samu aikin gwamnati ba, ya buɗe shagon gyaran waya kusa da kasuwa. Suna aiki tare da wata yarinya Kirista da suka yi aji ɗaya, iyayenta daga wajen Filato suka zo, amma a nan aka haife ta. Ita ke da natsuwa a cikinsu, shi ke da zafin nama. Su biyun suka zauna suka ƙera wasan dara na waya, wanda mutum zai buga da wani ko da yana wani gari, a cire masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga katinsa duk wata. Wurina yaron ya zo neman ƙa'idojin wasan. Ya so ya sa agogo, wai wanda ya daɗe bai motsa ɗa ba ya faɗi. Na ce masa in ya sa agogo ba dara ya yi ba, kuma alhakin sallar mutane na wuyansa. Ya cire. Wasa ya zama mutum na iya barinsa ya je salla, ko gona, ko jana'iza, ya dawo ya tarar da shi yana jira.

Ya kuma ce dara ba ba'a ba ta da gishiri. Na zauna na rubuto masa duk zolayar da na tuna ta gindin tsamiya, da ajami, don shi hannuna ya saba da shi. Da na ga yana jujjuya takardar ya rasa ta inda zai faro, sai na karanta masa, ya ɗauki muryata ya zuba a cikin wasan. Galibin maganganun na abokina ne.

'Yarsa ta yi masa rajista, ta koya masa turawa da hannun hagu. Ranar da ya fara cire mini ɗa, sai na ji wayata ta ce da muryata, "Malam, koma makaranta." Ya danna maganarsa ce, ta fito ta bakina. Na yi dariya har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya.

Tun daga nan na samu hanyar jin lafiyarsa. In na dawo daga masallaci da safe na gama wuridina, sai in duba waya. In na ga ya motsa ɗa, na san ya tashi, an zaunar da shi, hankalinsa na jikinsa. In ya kafa mini tarko, na san ya ji daɗin barci. In ya yi wasan ganganci, na san jikin ya matsa masa, sai in ƙara masa addu'a. Wannan ya fi mini gaisuwar da ba amsa.

Wasan ya karɓu daidai gwargwado. Akwai dattawan Gulma da na Zauro, da direbobi, da teloli, da ma'aikatan ofis da ke bugawa ta ƙarƙashin tebur. Ba a arziki da shi, amma shagon ya daina dogara da gyaran fasasshen gilashin waya kaɗai.

Sai yaran suka ƙera na biyu. Wannan na kamun kifi ne. Mutum zai ga gulbi a fuskar wayarsa, ga shi a kan gora yana iyo, homa biyu, irin komar hannu ta masunta, a hannunsa, kifi na gilmawa, sauran mutane na rububi a gefensa. Akwai kiɗa, akwai ihu, akwai agogon da na hana. Shi ma da nasa kuɗin wata daban. Wanda ke son duka biyun ya biya biyu. Suka sake shi daidai lokacin da aka fara yankan shinkafa a fadama.

Ba a jima ba na ga dandalin dara ya fara yin fili. Da, in na shiga neman wanda zan kara da shi kafin abokina ya motsa, nan da nan ake samu. Yanzu sai in zauna shayina ya huce ba kowa. Wata rana na hau kabu-kabu na je shagon a duba mini caji, na tarar da su suna gardama a kan abin.

Yarinyar ta ce, "Yauwa, ga Baba nan. Baba, ka gaya masa. Sabon wasan nan cinye tsohon yake yi."

Yaron ya ce, "Kawu, kada ka saurare ta. Girbi aka yi. Wa za ya riƙe lauje da hannu guda, waya da guda? Bara ma hakanan munka gani, sunka tahi, da anka gama sussuka sunka dawo."

Gaskiya ya faɗa. Duk shekara in shinkafa ta nuna, mutanen Zauro da Gulma sukan ɓace daga wasan, su dawo bayan an kai buhuna gida. Na goyi bayansa. Na ce mata ta yi haƙuri, ba ta san noma ba.

Ta ce, "Baba, a nan aka haife ni fa. To wane girbi ne wannan da ke hana mutum dara amma ba ya hana shi kama kifi? Lambobin wayar da suka fita can su nake gani a nan."

"Da sababbi," in ji shi. "Samarin da ba su taɓa sanin dara ba. Ki hwaɗi wannan ma."

"Da sababbi," ta ce. "Ban hana ba."

Aka gama girbi, mutane ba su dawo ba. Yaron ya ce ai an shiga dashen rani, kowa na bakin injin ban ruwa. Aka gama dashe, ya ce azumi ne, dattawa na wajen tafsiri. Aka yi salla, ya ce zafi ya yi yawa, wuta ba ta samuwa, wayoyi ba caji. Damina ta sauka, gulbi ya cika ya shafe hanyoyi, ya ce sabis ne ya lalace a ƙauyuka. Kowane dalili ya kawo, gaskiya ne. Na zauna na duba shekarar mutumin Kabi daga farkonta zuwa ƙarshenta, ban ga watan da ba za a samu abin da za a jingina wa laifi ba. Mu da muka san ƙasar, saninta ne ya rufe mana ido. Da baƙo ne ya ga abin, da tun watan farko ya faɗi sunansa.

Ana cikin haka yaron ya zo gida ya durƙusa ya roƙe ni wata alfarma. Ya ce wanda ya shigo dara bai tarar da abokin wasa ba, ba ya sake dawowa. Yana so in riƙa zama a ciki, duk wanda ya leƙo ya same ni.

"Kuma Kawu," ya ce yana sosa ƙeya, "ka riƙa bari suna cin ka wani lokaci. Wanda anka cinye kullum gudu shika yi."

Na ce masa zama zan zauna, amma ba zan faɗi da gangan ba, don yaudara ce ko a wasa. Ya ce to. Daga baya na lura ina rage kaifin hannuna ba tare da na yi niyya ba, ban kuma san hukuncin wannan ba.

Haka na zama mai gadin dandali. In na idar da walaha in zauna a zaure da waya, in tashi azahar, in dawo. Wanda ya shigo in buga da shi, ko gwani ne ko wanda bai san inda ake sa ɗa ba. Wasu su fara su gudu a tsakiya, in zauna ina jiran mutumin da ya riga ya tafi kamun kifi. Idanuna suka fara ruwa. Wuyana ya ƙage. Karatun da nake yi tsakanin azahar da la'asar ya ragu, abin ya dame ni ƙwarai. Uwargida ta ce, "Malam, gwamnati ta sallame ka ka huta, ɗan ƙanwarka ya ɗauke ka aikin da babu albashi." Dara da nake so tun ƙuruciya ta koma mini kamar jiran layi a asibiti.

Abin da ya riƙe ni shi ne motsin nan na safe daga Argungu.

Wata ranar Asabar suka zo su biyu. Yarinyar ce ta yi magana, shi yana kallon tabarma. Ta ce wurin da ake ajiye wasan a intanet haya suke biya, kuma dara ta daina ɗaukar nauyin kanta, kifi ke ciyar da ita. Na kifin kuma yana sarƙewa in mutane sun yi yawa, suna buƙatar wurin da ƙarfinsu duka su gyara shi kafin jama'a su gaji su watse. Ta ce, "Baba, ba raini ba ne. Ni ma ina son dara, da ita muka fara. Amma in muka riƙe biyu za mu rasa biyu."

Na tambayi yaron me ya gani. Ya ce shi har yanzu yana ganin za su dawo.

Na san ba haka ne a ransa ba. Kunyata yake ji. Ni kuma na yi amfani da kunyar. Na ba su labarin abokina, wanda sun riga sun sani, na ce mutum ne da Allah ya karɓi harshensa, wannan wasan ne bakin da ya rage masa. In an rufe, da me zai yi magana? Yarinyar ta ce Allah ya ba shi lafiya. Yaron ya ce ba za a rufe ba muddin yana numfashi. Suka tashi. Na ji su a ƙofar gida, ba faɗa suke ba, amma muryarta ta gaji. Ta ce masa, "To kai za ka gaya wa masu kifi dalilin da ya sa yake tsayawa."

Bayan wannan ne motsin abokina ya fara ja baya. Da, kafin azahar mun yi nisa a wasa. Sai ya koma motsi ɗaya a wuni. Sai a kwana biyu ban ga komai ba. In ya motsa ma, wasan ba nasa ba ne, turawa ce kawai irin ta wanda hankalinsa ke wani wuri. Zolayar ma ya daina dannawa. Na ce shi ke nan, ciwon ya dawo. Na kira 'yarsa.

Ta ce, "Lahiya lau shike, Baba. Har ƙiba ya yi."

Ban yarda ba. Na san 'ya'yan kirki, sukan ɓoye wa tsoho abin da zai tayar masa da hankali, sai an yi jana'iza ya ji. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na ce wa uwargida zan je Argungu. Ta kalli gwiwoyina, ta ɗaure mini man zafi a leda.

Tafiyar ba ta da nisa ga mai lafiya. Ni kam kafin mu isa na gane shekaruna. An cusa mu a mota, ƙafata ta dama a kan buhun wani, ta hagu ban san inda take ba. Ta taga ina ganin fadama shar, shinkafa ta fara ɗaukar ciki, mutane tsamo-tsamo a cikinta suna korar tsuntsaye. Duk hanya ina karanta abin da ya sawwaƙa, ina roƙon Allah ya sa in same shi da rai, in kuma ya riga ya tafi ya ba ni haƙuri.

Tun daga zaure na ji hayaniya a cikin gidan. Na ɗauka kukan mutuwa ne. Da na saurara sai na ji ba kuka ba ne. Na yi sallama na shiga.

Abokina na zaune a kan kujera a inuwar bishiyar dogon yaro, an tokare shi da matashi. Tsofaffin masunta abokan sana'arsa sun kewaye shi, kawunansu a haɗe. Wayar na kan cinyarsa, babban yatsansa na hagu na yawo a kanta. Ɗaya na cewa, "Bi ta gindin ciyawa, can taka kwana." Wani na cewa, "Kai rabu da shi, ya hi ka sanin ruwa." Kiɗan wasan kifi na tashi. Rabin bakinsa mai motsi a buɗe yake da dariya, miyau na zuba bai damu ba.

Da ya ɗago ya gan ni, sai ya ja gefen zanensa ya rufe wayar, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Kiɗan bai daina ba, yana ta fitowa ta ƙarƙashin zane. Masuntan suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Malam ya zaka kama ɓarawonai."

Na zauna a tabarma da ƙyar, na riƙe hannunsa mai lafiya, na gaishe shi. Ya yi ƙiba da gaske. Idonsa ya yi haske irin wanda na manta yana da shi. Na yi hamdala a fili. A ɓoye kuma na ji haushi, ba zan ce babu ba. Na tuna wunin da nake yi a zaure, da karatuna da ya ragu, da muryar yarinyar nan a ƙofar gida.

'Yarsa ta kawo mini ruwa da fura, ta durƙusa gefe ta ba ni labari. Mijinta ne ya sa masa wasan don ya ga ko zai so. Ta ce tun da ya faɗi bai sake ganin gulbi ba, ko an ce a ɗauke shi a kai shi bakin ruwa sai ya kau da kai. Ranar da ya ga gora da homa a waya, ya wuni bai ci abinci ba. Ta ce, "Baba, randa yak kama giwan ruwa, sai munka ji ya ce, ga ta. Da bakinai. Ni da ke wanke-wanke sai da kwano ya kuɓuce min."

Na tambaye ta, to darar fa?

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta so ta cire, don biyan biyu na yi musu nauyi ga kuɗin magani. Da ta ɗauki wayar za ta cire, ya riƙe mata hannu, ya nuna yamma, wajen Birnin Kebbi. Shi ya sa ta bari. In ya tuna, ko in ta tuna masa, sai ya shiga ya tura ɗa guda ya fito.

Na dube shi. Ya kau da ido yana kallon kaji.

Na ce, "Kai mai ƙarnin kifi, ashe sadaka kake ba ni."

Ya yi wani sauti a maƙogwaro, kafaɗarsa mai lafiya na rawa. Sannan ya yaye zanen, ya tura mini wayar. Na ce ban iya ba. Ya kama yatsana ya ɗora a kan gilashin ya ja. Wani ƙaton kifi ya gilma, na kai homa inda ya riga ya bari, gorata ta kife, mutumin da ke kanta ya nutse. Masuntan suka ce Malam ya sha ruwa. Ya karɓe wayarsa yana girgiza kai, ya ci gaba, ya manta da ni a wurin. Na zauna ina kallonsa har aka kira la'asar. Da aka kira, 'yarsa ta zare wayar daga hannunsa ana tsakiyar rububi, ya yi tsaki, ya miƙa hannu a yi masa alwala.

Washegari na biya ta shagon kafin in isa gida. Na tarar da su kowa da kwamfutarsa, ba mai yi wa wani magana. Na ce wa yarinyar, "'Yata, ke ke da gaskiya. Cinye shi yake yi. Ya cinye har wanda nake tsaron wurin dominsa." Na ba su labarin abin da na gani. Na ce su rufe.

Yaron ya ce, "Kawu, a bari a ga bayan girbin ga mana."

Yarinyar ta kife kanta a kan tebur tana dariya marar ƙarfi. Shi ma da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya yi murmushi. Na ce masa ya sallame ni daga gadi, na gaji, idona na ciwo, ina so in koma ga karatuna. Na ce kuma 'yar abokina ta huta da biyan biyu.

Suka sanar da mutane, suka ba da lokaci, suka rufe. Ba kowa ne ya koma kifi ba. Akwai dattawa kaɗan da suka rage a dara har ranar ƙarshe, waɗanda ban san fuskokinsu ba, na san hannunsu kawai. Wani daga Gulma ya kira shagon ya yi faɗa, ya ce shi ba yaro ba ne da zai riƙa bin kifi da yatsa. Yaron ya ba shi haƙuri. Ban san abin da suke yi da la'asar ɗinsu yanzu ba, kuma nakan tuna su. Wasana na ƙarshe da abokina ba mu gama shi ba. Shi ke da motsi.

Shagon ya samu sauƙi. An gyara na kifin, ya daina sarƙewa, har sun ɗauki wani ya riƙa gyaran waya su kuma su fuskanci wasan. In an tambayi yaron yau, yakan ce kifi bai cinye dara ba, zamani ne ya cinye ta, kifi ya zo ya tarar. Yarinyar takan ce masa ya ji da shi. Na daina sa musu baki.

Da aka kwana biyu ba dara, na rasa ta inda zan san abokina ya tashi. Na koma kiran 'yarsa, na ga ina takura mata, ga aiki ga yara. Sai na aika aka kira yaron, na ce ya sa mini na kifin. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya yi abin da na ce kawai. Ya sa ni a yankin ruwa ɗaya da mutanen Argungu, ya nuna mini gorar abokina, mai jan ƙyalle a wuya, ya kashe mini kiɗan.

Ba na son wasan. Yana da gaggawa, yatsuna ba su bin sa, ba a kuma tunani a cikinsa irin wanda na sani, ko da yake masunta sun ce akwai. Da safe in na gama wuridi nakan shiga in tsaya a gefen ruwa inda ba rububi, in sa tabarau in nemi jan ƙyalle. Wani lokaci yana can tsakiya yana kutsawa cikin samari. Wani lokaci sai na jira. In na gan shi sai in yi hamdala in fita. Tarko ko ganganci, wannan duk na daina sani. Yana nan ko ba ya nan, iyakar abin da gora ke iya gaya mini ke nan, na kuma karɓa.

Shekaranjiya ina tsaye a gefen, wata tarwaɗa ta zo ta kwanta daidai gabana ba ta motsi. Na ce bari dai in gwada. Ina ta lallaɓa homa, ina gyara tabarau, sai ga jan ƙyalle ya taso tun daga tsakiyar gulbi, ya ratsa mutane, ya zo ya bangaje gorata, ya kwashe tarwaɗar a gabana. Ya ɗan tsaya kusa da ni, gorarsa na lilo a kan ruwa. Sannan ya juya ya koma cikin rububi.

Na kife wayar a kan buzu, na jawo littafina.